Ɓera Mai Lamba Goma Sha Tara

A Wad Madani, bayan ginin masu koyon haɗa magani,
akwai ɗakin da ba shi da taga.
Nan nake kwana da ɓeraye tamanin da huɗu.
Ni ke ba su ruwa, ni ke sauya musu shimfiɗa,
ni ke ƙirga su in gari ya waye.

Dakta Iklas ta ware ɗaya, fari, mai jan ido,
ta rubuta goma sha tara a goshin kejinsa.
Mako shida shi kaɗai.
Ba ɗumin ɗan'uwa a haƙarƙari, ba mai lasar kunnensa,
sai ƙugin fanka da warin kansa.

Ran da aka jefa masa baƙo,
ɗan mitsitsi, bai san hawa ba, bai san sauka ba,
ko shinshinar sallama babu.
Wutsiya ta kaɗa ƙarfe, kar-kar-kar,
gashi ya miƙe, haƙori ya sami wuya.
Daƙiƙa bakwai, in ji agogonta.
Ni na raba su da safar fata,
ga shaidar nan har yau a babban yatsana.

Na ce, "Dakta, wannan mugun iri ne."
Ta dire kofin gahawa, ta ce, "Tukur, a'a.
Uwarsu ɗaya da na keji na takwas,
wanda ke gyangyaɗi a tafin hannunka.
Akwai wani ruwa a ƙwaƙwalwa, sirotonin,
bai kai raɓar da ke kan ganyen auduga ba,
amma shi ne linzami. Kaɗaici ya sassauta shi.
Akwai kuma dofamin, mai guɗa in an yi kaye,
shi ke sa wanda ya ci faɗa jiya
ya tashi yau da ƙwaɗayin wani."

Ta tsira masa allura siririya kamar gashin masara.
Rabin awa, aka dawo da baƙon yana makyarkyata.
Gwanin ya matso, ya shinshina, ya juya,
ya koma gyaran gashin bakinsa
kamar ɗan kasuwar da ya manta yana bin bashi.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na tuna Mai Wurno, gonar albasa a gaɓar kogi,
da bakin kwatar ruwan da muka gada ni da Sambo.
Taku biyu na laka.
A kansu na ɗaga wa ɗan uwata shebur.
Damina huɗu ke nan ban ji muryarsa ba.

Wane ruwa ne ya ƙafe mini ran nan?
In ɗigo ne ya ɗaga hannun,
wa za a kira ranar hisabi, ni ko ɗigon?

Na tambaye ta da safe, tana wanke hannu.
Ba ta waiwayo ba.
"Ɓera nake aunawa, Tukur.
Shi ba shi da waya. Kai kana da ita."

Kafin la'asar allurar ta sake shi,
ya koma cizon ƙarfe, baki duk jini.
Sai ta ce in jingina kejinsa da na takwas,
raga kawai a tsakani, kada in buɗe tukuna.
Kwana uku yana huci.
Na huɗu, wuta ta ɗauke, fanka ta yi shiru,
na haska tocila:
ga shi manne da ragar, ɗan'uwan manne ta can,
numfashinsu na hawa da sauka tare.
Ban rubuta a littafi ba, babu gurbin wannan a jadawali.

Na fita waje. Iskar kogi, warin kifi da hayaƙin gawayi.
Lambar na nan, ashe ban taɓa goge ta ba.
Tana ƙara.
Tana ƙara.
Yatsan da ɓera ya ciza yana rawa a kan jan maɓalli,
ban danna ba.